Na Je Ɗauko Azumi, Aka Tsare Ni a Bukkar Agana

Ranar da maganar ta tashi mu biyar ne a zauren ƙanena Mati a Ɗanzomo: shi Matin, da Madugu Tanko wanda ya kawo labarin, da Malam Sale mai rubuta wannan, da Kande maƙwabciyata da ta biyo ni daga Gumel ba tare da an gayyace ta ba, sai ni Dela. Na fara da sunayensu ne don a san ina da shaidu.

Tun da na dawo mata sun hana ni sakat. A rijiya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a wurin gaisuwar mutuwa sai wata ta matso ta ce wai da gaske ne Nasara sun ɗaure ni. Na gaji da maimaitawa, na kuma lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin Kande. Shi ya sa na zaunar da Malam Sale, tunda ni ban san ko alif ba, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Mai son ji ta je ya karanta mata.

Azumi 'yar Mati ce, amma ni na riƙe ta tun uwarta ta rasu tana rarrafe. Ta auri wani baduku ya tafi da ita Damagaram. Ciwo ya kama shi, aka kai shi gidan maganin Nasaran Faransa, ta yi jinyarsa a can har Allah ya karɓi abinsa. Muka yi ta jira ta fita takaba ta dawo, shiru. Sai ga Madugu da labarin cewa ta zauna aiki a gidan maganin, tana wanke ciwon mutanen da ba ta haɗa komai da su ba. Mati kuwa idonsa ya soma hazo, ba ya gane mutum daga nesa sai ya yi magana. Ya ce shi ba ya neman komai, a kawo masa 'yarsa kafin ruwa ya sauka, ya ga fuskarta tun yana iya gani. Malam Sale ya ce a aika takarda. Na ce takarda ba ta kamo hannun mutum, ni zan je.

Muka tashi daga Gumel da ayarin Madugu, masu kai goro da tufafi. Ya ba ni takarkari, wato san ɗaukar kaya, in hau, wai ya fi jaki natsuwa. Abin da bai gaya mini ba shi ne fatar sa ba a ɗinke take da jikinsa ba, yawo take yi. Ba mu yi nisa ba na ji ina karkacewa a hankali, ni da mangala da ƙullin kayana, har na iske kaina zaune a rairayi ina kallon cikin sa. Fatake duk suka juya baya, kowa ya sami igiyar da zai gyara. Kafaɗunsu ne suka tona su. Na kakkaɓe zanena, na ce wanda ya gama dariya ya zo ya ɗaure kayan nan da kyau. Daga nan rabin tafiyar da ƙafata na yi ta.

A Maigatari muka kwana, washegarin kasuwa, gari duk kashin raƙuma. Matar mai masaukinmu tana da fara'a, ta yi mana tuwo da miyar kuka mai kyau, sai dai akushin da ta zubo a ciki yana ɗauke da tuwon jiya a gefe. Na juye nawa a faifai, na nemi ruwa na wanke akushin a gabanta na kife mata. Da safe ta kawo koko a ƙwarya sabuwa fil.

Gaba kaɗan iyaka take. Na zaci ganuwa zan gani, ko rami mai zurfi. Ashe dutse ne da bai kai turmi ba, an shafa masa farar ƙasa, akuya na sosa jiki da shi. Gonar da ke damansa da ta hagunsa ta mutum ɗaya ce, na tambaya. Can gaba a wata rumfa muka iske gardawan Faransa, wato dogaransu, masu jar hula. Ba su damu da inda ka fito ba kamar yadda suka damu da dantsenka: duk wanda ba shi da lambar agana, nan take a tsaga masa. Akwai wani ƙaton bafatake a cikinmu da ya cika mana kunne tun daga Gumel da labarin kurar da ya kashe da sanda. Da ya ga 'yar wuƙar lamba, sai da mutum biyu suka riƙe shi, yana kiran uwarsa da sunanta. Da aka zo kaina na yaye mayafi na nuna musu fuskata. Agana ta gama da ni tun ina da shekara bakwai, zanzanar tana nan. Gardin ya ce in wuce. Amma sai ya ce zai duba ƙullina. Na gaya masa yaji ne na daka wa 'yata, ya bar shi. Ya kwance, ya kai hanci. Mun yi nisa muna jin atishawarsa.

A Dungas wata tsohuwa ta sauke mu. Mutanen can gero suke ce wa hatsi, kamar dawa ba hatsi ba ce, kuma ruwan rijiyarsu kanwa-kanwa yake, tuwo ya fito ja. Ta ba ni wani abu fari, busasshe, mai faɗi, na juya shi na juya, na ɗauka ƙirgin da za a yi takalmi ne. Ta ce cuku ne na Buzaye, nono ne aka busar. Na gutsura da sauran haƙoran da Allah ya bar mini. Ba laifi, amma ban nemi ƙari ba. Abin da na yaba musu shi ne gaisuwa. Mace za ta tambayi gidanka, da gajiyarka, da ranarka, da ƙurarka, ba ta gaggawa. Matan Gumel na yanzu su je su koyo.

Kwana shida muka isa Damagaram, gari cikin manyan duwatsu kamar an zubar da su daga sama. Madugu ya kai ni gidan Ya Fanna, uwar mai masaukinsa, Babarbariya. Tun daga ƙofa na san za mu shirya, don tsakar gidanta a share yake har bayan randa. Ta cika ni da turaren wuta da alkaki. Ta ce ta san Azumi, takan zo gaishe ta ranar Juma'a, amma tun shigowar sanyi ba ta ƙara ganinta ba. Wannan magana ba ta yi mini daɗi ba.

Da hantsi na tafi gidan maganin ni kaɗai. Ba gida ɗaya ba ne, ɗakuna ne a warwatse cikin fili, kowanne da irin majinyatansa da masu jinyarsa. Mai gadi ya nuna mini na farko. Ni kuwa ba a haife ni in wuce marar lafiya ban ce masa sannu ba, ko na san shi ko ban san shi ba. Haka muka tashi muka ga ana dubiya. Don haka duk inda na shiga sai na bi kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin farko na sojoji ne da malaman ofis. Gadaje na ƙarfe, daɓe kamar an lashe, iska na shiga ta ko'ina. Masu jinya uku na gani a kan majinyata bakwai, duk da fararen riguna da takalma. Ɗaya yana sa wa mutane wani tsinken gilashi a hammata, ɗaya yana rubutu, na ukun yana kallon mai rubutun. Babbansu, wanda suke ce wa majo, ya gaya mini da azahar suke tashi wasu su karɓe su, ranar Lahadi kuma hutu. Na tambayi Azumi. Ya ce ba nan take ba, in yi gaba. Sojojin sun ji daɗin gaisuwata, wani har ya ce in sa masa albarka.

Gaba rumfar masu gyambo ce da kurkunu. Tun kafin ka isa hanci zai gaya maka. Mutane a jere har bakin ƙofar fili, mai jinya kuwa ɗaya tak, wani Bukar, ba takalmi, rigarsa ta daina zama fara tun tuni. Yana wanke gyambo da wani ruwa mai launin shuɗi da ja, hannuwansa sun rine har gwiwa. Ya wanke, ya naɗe da ƙyalle, ya juya ya murza kurkunun wani a jikin tsinke, yana yi yana tsokanarsu don kada su ji zafi. Na tambaye shi ko ya karya. Ya ce tun asuba yake tsaye, in layi ya ƙare zai ci. Na duba layin, na kwance alkakin Ya Fanna na sa masa a baki da hannuna, tunda nasa ba na cin abinci ba ne. Da na ambaci Azumi fuskarsa ta washe. Ya ce tare suka fara a nan, bai taɓa ganin mai sanyin hannu irinta ba, amma an mai da ita baya. Kafin ya ƙara wata magana wani ya ƙwalla ƙara, ya juya.

Ɗakin mata kuwa wayam. Gado biyu, ba kowa a kai, sai wata mata daga ƙasashen bakin teku zaune tana saƙa. Da Hausarta guntu-guntu ta nuna mini yadda suke karɓar haihuwa, mace kwance rigingine kamar mai ciwon ciki, ba durƙuso, ba wankan jego. Shekarata talatin ina yanke cibi, na ce mata ba mamaki ɗakinta ba kowa. Ta yi dariya ta ce ita wahalarta ke nan: zaman banza yana kashe ta, kuma kullum ana mata faɗa wai ita ce ba ta jawo mata. Na tambayi Azumi, ta nuna bayan ɗaki da haɓa, ta ɗaga hannu tana wata magana da ban gane ba. Daga baya na san cewa take kada in je.

Abin da na lura da shi zuwa nan, gwargwadon yadda mutum ya iya Faransanci, gwargwadon nisansa da wari.

A baya can akwai shingen ƙaya, da bukkoki uku a ciki. An toshe ƙofar da reshe. Gardin da ke tsaro yana ƙarƙashin wata bishiya, hula a fuska. Ban ga dalilin tashinsa ba. Na janye reshen kamar yadda ake janye na garka, na shiga, na mayar. Na yi sallama a bukkar farko. Mata biyar ne kwance a tabarmi, da na gan su na san ciwon, don na kwanta da shi. Na durƙusa na bi su da sannu, na taɓa goshin wannan, na gyara wa waccan zane. Ina cikin haka na ji an dire tulu a bayana.

"Gwaggo, wa ya bar ki kika shigo?"

Na juya. Azumi ce, amma rabinta. Wuya ya fito, idanu sun faɗa. Na ce mata ko a Damagaram an daina gaisuwa ne. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi Baba da mutanen gida, sannan ta gaya mini wanda ya ƙetare shingen nan ba ya fita sai da izinin lokotoro, wato likitan Nasara, shi kuwa ya tafi rangadin lamba ƙauyuka. Na ce zancen banza, na nufi ƙofa. Gardin ya farka, ya tsaya can nesa da doguwar gora yana nuna ni kamar an saki maciji. Aka kira majo. Shi ma daga nesa ya tsaya, ya ce ba zai ɗauki wannan a wuyansa ba, sai lokotoro ya dawo. Wannan shi ne ɗaurin da ake cewa an yi mini. Kwana goma sha ɗaya na yi.

Nan na ga aikin da babu irinsa a gidan. Wata biyar Azumi ba ta taka waje ba. An zaɓe ta ne don ita ma tana da zanzana, ni na yi jinyarta tana ƙarama. Masu lamba a dantse ma tsoron wurin suke, kuma ba mai tilasta musu. Bukkar maza wani tsoho ke kula da ita, Baba Kyari, shi ma fuskarsa kamar rariya. Su biyu ke nan, ba mai karɓarsu da azahar, ba Lahadi. Abinci a kan wani dutse ake ajiye musu a bakin shinge, a buga gwangwani, a gudu. Ruwa ma haka, kuma ba ya isa. Su ne masu ba da kunu, su ne masu kwashe kashi, su ne masu wankin gawa in an yi rashi. An yi biyu ina nan, Allah ya jiƙansu.

Tunda zama ya kama ni, na ɗaura ɗamara. Rana ta farko na tara toka zan shafa wa wata mata a ƙuraje, yadda aka yi mana. Azumi ta riƙe hannuna, cikin ladabi, ta ce ba a yi. Ta kuma hana ni shayar da mutum biyu da ludayi ɗaya. Yarinyar da na koya wa tsarki! Na haɗiye, na zuba ido in ga nata. Akwai wata Bafulatana, Hassu, da ƙuraje suka rufe wa ido ruf. Sau uku a rana Azumi ke tafasa ruwa da ɗan gishiri, ta bar shi ya huce, ta wanke mata da auduga, kowane ido da tasa. A zamanina irin wannan makanta ce kawai ake jira. Rana ta biyar Hassu ta buɗe ido, ta dube ni ta tambayi wace ce wannan mai faɗan. Daga ranar na daina gardama, abin da Azumi ta ce shi nake yi.

Wata rana da tsakar rana na iske ta zaune a bakin murhu, muciya a hannu, barci ya ɗauke ta, kunu yana ƙonewa. Na zare muciyar, na kai ta bukka ta uku na shimfiɗa ta, na ce wa Baba Kyari duk wanda ya tashe ta da ni zai yi. Ta yi barci har hantsin washegari. Mu tsofaffi biyu muka riƙe wurin. Shi kuwa Baba Kyari baki gare shi. Ya ce tunda fuskarmu iri ɗaya ce, ba mai yi wa wani gori, me zai hana a ɗaura mana aure. Na ce ya fara koyon wanke ƙwarya tukuna. Majinyata suka yi ta dariya, har masu ciwon baki.

Da ta huta na zaunar da ita na gaya mata abin da ya kawo ni, da halin da idon ubanta ke ciki. Ta yi kuka sosai. Na ce ta ɗaure kayanta, lokotoro na dawowa mu kama hanya. Ta share fuska, ta dubi bukkar.

"Gwaggo, in na tafi wa zai shiga wurinsu?"

Da a Gumel aka yi mini wannan tambaya, da na ce ina ruwana, ba danginmu ba ne. Amma a lokacin na san sunan kowace, na san wadda ba ta shan kunu sai da tsamiya. Ga Mati can yana jira, ga ruwa yana matsowa.

Lokotoro ya dawo, wani siriri mai jan wuya. Zan faɗi gaskiyarsa: ya shigo har ciki, ya duba kowa, bai toshe hanci ba. Tafintansa ne ya tsaya bayan shinge yana ɗaga murya. Da ya ga fuskata ya tambayi labarina, sai ya dafe kai. Ya ce ai tun ranar farko da an sa ni na yi wanka an dafa tufafina, da na tafi abina. Na ce to tunda ya zo ina da magana. Na gaya masa abin da na gani tun daga ɗakin masu takalma har rumfar Bukar har nan. Na ce a garinmu ko dakan biki ake yi, in hannun mace ya gaji wata ke karɓar taɓarya, ban taɓa ganin inda mutum uku ke gadin tsinken gilashi ba, ɗaya kuma tana ɗauke da bukka guda wata biyar. Tafinta ya juya duk wannan da kalma uku. Na ce masa ban san Faransanci ba amma na san tsawon maganata, ya mayar da sauran. Ya mayar, yana gumi.

Nasaran bai yi fushi ba. Ya ce ya sani, ya nemi mata masu zanzana ya rasa, har gardi ya aika kasuwa da mai shela, ba wadda ta zo. Na ce wace mai hankali za ta bi gardi? In na kawo masa biyu, zai saki 'yata? Ya tambayi Azumi ko tafiyar ke nan. Ta ce a'a, agana takan lafa da damina, za ta je ta ga ubanta, in an yi girbi ta dawo. Ban san ta yanke haka ba sai a wurin. Na dube ta, ba ta sunkuyar da kai ba. Aka tsaya a kan haka, da sharaɗin in sun zama uku, biyu na ciki ɗaya na waje tana hutawa. Na roƙa wa Baba Kyari da Bukar mataimaki, ya ce zai duba. Ban san ko ya duba ba.

Kafin in fita aka dafa tufafina a wata babbar tukunyar ƙarfe, tare da fararen ƙyallayen gidan magani, don kada a ɓata itace. Zanena sabon rini ne na Gumel. Abin da ya fito daga tukunyar nan, kwana da kwanaki duk mai gyambo a Damagaram da shuɗin ƙyalle yake yawo a ƙafa. Majo ya zo zai yi faɗa, na ce shi ya tsare ni.

Ni da Ya Fanna muka koma zaman bakin rijiya da safe. Ita ta san gidaje, ni ina duba fuska. In na ga mai zanzana ba na mata magana, sai na ga yadda take wanke tulunta. Wata ƙaƙƙarfa da Ya Fanna ta so ƙwarai na ƙi ta, don ko ɗauraye bakin tulu ba ta yi ba. A kwana huɗu na sami biyu, Zara mai dakau da Aisa mai tallan ruwa, duk mazansu sun rasu. Ban ɓoye musu komai ba, na gaya musu warin, da wankin gawa, da dutsen abinci. Na kuma gaya musu ciwon ba ya kama mutum sau biyu, ga ni na fito har na yi kumatu. Aisa ta ce ita da agana ta kama ta, a bayan gari aka ajiye ta, ba mai miƙa mata ruwa sai kakarta. Ta ce za ta je. Zara ta ce in Aisa ta je ita ma ta je. Azumi ta yi mako tana nuna musu aiki, ni ina bakin shinge ina gyara musu shara da baki.

Muka biyo wani ayarin, don Madugu ya daɗe da komawa. Ban hau takarkari ba. Hadari ya yi ta bin mu tun daga Dungas, ina hana kowa zama, amma sai da ruwan fari ya kama mu a Maigatari, ya jiƙa mu sharkaf. Muka shiga Gumel da la'asar, mata suka cika gidana, kowa na son taɓa Azumi ta ji ko da gaske ita ce. Na kore su kafin magariba.

Washegari da sassafe na tasa ta gaba sai Ɗanzomo. Mati yana zaune a ƙofar zaure. Na hana ta magana, na ce ta durƙusa a gabansa kawai. Ya daɗe yana kallo, ya kama kafaɗarta ya juyo da ita wajen haske.

"Azumi, kin rame."

Na bar su suka yi kukansu. Da suka lafa, ban jira an kawo ruwa ba na ce masa, "Aro na kawo maka ita, Mati. In an yi girbi za ta koma, kuma ni zan raka ta."

Ya ce, "Yaya, ɗauko ta aka aike ki."

Na ce na ɗauko ta, ga ta. Na ba shi labarin Hassu. Ya tambayi Azumi ko son ranta ne, ta ce son ranta ne. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce to tunda idon Fulanin Damagaram take wankewa, ta fara da na ubanta. Ta ce a ba ta ruwa da gishiri da tukunya mai tsabta. Na tashi na shiga ciki na wanke tukunyar da kaina, don na san wankin gidan.